Filin Aikin Hannu: Jirgin Yaƙi na Kwali

A wannan wata za mu yi siffar Lancaster da kwali, wato jirgin bom na Ingila wanda ya shiga yaƙi a 1942. Gaggawa ce takan ɓata wannan aiki, saboda haka mu auna tukuna.

Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 102 ne. In an rage sau 72, ya zama inci 17 daidai. Injinansa huɗu ne, biyu a kowane gefe. Allunan wutsiyarsa biyu ne a tsaye, ba ɗaya ba. A shafa baƙi a ƙarƙashinsa, gama da dare yake tashi, bisansa kuwa kore da ruwan ƙasa. A ja layi da bayan wuƙa kafin a lanƙwasa kwalin.

Amma akwai abin da almakashi ba ya yankawa. Mutum bakwai ne cikin kowane jirgi, yawancinsu samari, da yawa ba su koma gida ba. A Fabrairu 1945 irin waɗannan jirage, tare da na Amurka, suka ƙone birnin Dresden na Jamus, mutum wajen 25,000 suka hallaka.

Yaron da ya san yawan injin amma bai san wannan ba, aikinsa da saura. In ya tambayi amfanin doguwar ƙofar da ke ƙarƙashin jirgin, kada mu ɓoye masa, ta nan bom yake faɗowa. Mu karanta Ishaya 2:4 tare, mu roƙi salama.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.