Kasuwar Jiragen Leƙen Asiri Da Manomin Rani

Wanda duk ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure da rani, ko ya ratsa ƙasar Madobi, zai ga shinkafa da alkama da tumatir kore shar, alhali sauran ƙasa ta bushe. Albarkar madatsar ruwan Tiga ke nan, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. To, wannan arziki da zaman lafiya yake tafe, gama mai ban ruwa da dare yakan fita, mai kai kaya Kudu kuwa a hanya yakan kwana. Shi ya sa muka ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu ga wata sabuwar kasuwa da ta buɗe a Afirka ta Yamma, watau cinikin jiragen sama marasa matuƙi waɗanda soja ke leƙen asiri da su.

Abin ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 2013 mayaƙan samanmu suka nuna wani da suka ƙera a Kaduna, suka sa masa suna Gulma, a 2018 kuma suka fito da ƙanensa, Tsaigumi. Amma yawancin waɗanda ke aiki sayo su aka yi daga Sin da Turkiyya. Maƙwabta ma ba su zauna ba. Tun daga 2022 Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga sayen Bayraktar TB2 na Turkiyya, sa'an nan a 2024 Amurka ta kwashe sojanta daga sansanin Agadas, inda jiragenta ke tashi suna duba Hamada. Kowace ƙasa yanzu idon kanta take nema.

Ruwa ba ya tsami banza. Masu jari sun hango wannan bukata. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar ma'aikatar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a Kaduna tun 1964, aka buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. A watan Janairu 2026 wani kamfanin samari a Abuja, Terra Industries, ya sami jarin da ya haura dala miliyan 11, bisa jagorancin masu kuɗin Amurka. Lalle muna murna da a ƙera abin a gida, don kuɗinmu su tsaya a nan, 'ya'yanmu su koyi sana'a, gyara kuma ya yi sauƙi.

Amma kada murna ta rufe mana ido. Ribar mai jari tana ga yawan abin da ya sayar, ribar talaka kuwa ita ce ya kwana lafiya, kuma ba kullum biyun nan ke haɗuwa ba. Manomin Bunkure ya fi kowa gane wannan. Ya san ko Tiga ta cika maƙil, muddin kacalla ta toshe magudana, gonarsa ƙishirwa za ta kashe ta. Haka jirgin nan yake. Ya hango 'yan bindiga a daji, in babu waya mai kai labari nan da nan, babu mota da mai da dakarun da za su isa wurin, to, hoto kawai aka saya da tsada.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin sojan ƙasa ya jefa bom a taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Jihar Kaduna, mutum 85 aƙalla suka rasu, soja kuma suka amsa cewa kuskure ne. Daga sama, taron Mauludi da taron 'yan fashi kama ɗaya gare su. Mai unguwa da dagaci su ne suka san bambancin.

Ba daga nesa muke wannan magana ba. A 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kogin da ke cika Tiga kuwa ta dajin Falgore yake biyowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka shawararmu ga Gwamnati ita ce ta shiga kasuwar nan da idon mai saye, kada zaƙin bakin dillali ya ja ta. Kafin a biya kuɗin jirgi, a tanadi masu sarrafa shi da masu kai ɗauki, a ɗaure mai sayarwa da sharaɗin koyar da 'yan ƙasa, a kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a saki wuta ba sai labarin ƙasa ya gaskata na sama. Ranar da manomin Madobi ya fita ban ruwa da tsakar dare ba tare da waiwaye ba, ran nan za mu ce kuɗin sun biya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.