Hutun Kwana Uku: Keke da Fartanya Sun Fi Zaman Kashe Wando

Duk lokacin da ranar hutu ta gwamnati, kamar ta 1 ga Oktoba ko ta 12 ga Yuni, ta faɗo ranar Juma'a ko Litinin, ɗalibai da malamai kan sami kwana uku a jere babu aji. A garuruwan kudancin Kano, irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, akasarin samari kan raba waɗannan kwanaki gida biyu. Wasu su matsa wa iyaye a ba su kuɗin mota zuwa birni, wasu kuma su tare a majalisa, kai a sunkuye kan wayar hannu tun hantsi har magariba. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, akwai hanya ta uku wadda ta fi su riba: ɗalibi ya zauna a garinsu, ya gyara kekensa ya hau, sa'an nan ya ɗauki fartanya da manjagara ya fuskanci tsakar gidansu.

Ilmin da ke cikin keke

Mutane da yawa na kallon keke a matsayin abin hawan wanda bai samu ba. Masana kimiyya kuwa suna lissafa shi cikin na'urori mafi tattalin ƙarfi da ɗan Adam ya ƙera. Wani Bajamushe, Karl von Drais, ya fito da kakan keke a 1817, wanda ake tura shi da ƙafa. A 1885 John Kemp Starley na Ingila ya ƙera mai sarƙa da tayoyi biyu kusan girma ɗaya, sa'an nan John Dunlop ya kawo tayar iska a 1888. Tun daga nan siffar keke ba ta sake sosai ba, har zuwa kekunan Raleigh da Phoenix da suka cika ƙasar Hausa.

Ɗalibin da ya kifa kekensa ya ƙirga haƙoransa zai ga darasin lissafi a fili. A ce faifan gaba, inda feda take, yana da haƙora 44, na baya kuma 18. Ke nan duk zagaye ɗaya na feda, tayar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. Tayar babban keke mai inci 28 kewayenta ya kai mita 2.2, saboda haka taka feda sau ɗaya na ciyar da mahayi gaba fiye da mita 5. Wanda ke taka feda sau 60 a minti ɗaya zai ci wajen kilomita 19 a awa guda, alhali mai tafiya a ƙasa da ƙyar yake wuce kilomita 5. Dalili shi ne, sirdi ne ke ɗauke da nauyin mahayi, boris kuma na rage gogayya, don haka ƙarfin da yake kashewa a kan kowace kilomita bai kai rabin na mai tafiya a ƙasa ba. Idan taya ta yi laushi ko sarƙa ta bushe, sai gogayya ta ƙaru, tafiya ta yi nauyi. Famfo da ɗan baƙin mai su ne maganin wannan.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a kullum, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Irin wannan motsi na ƙarfafa zuciya, yana kuma rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya ƙirga bugun jijiyar hannunsa na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, kafin ya hau keke da bayan ya sauka, ya rubuta yawan mintocin da bugun ya ɗauka kafin ya koma daidai.

Aljihu ma yana da ta cewa. Kafin a janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500 a Kano, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai naira 1,000. Keke kuwa tuwo da kunu ne mansa.

Ƙasar da ta cancanci a zaga

Ɗan kudancin Kano bai da dalilin cewa babu abin gani a wajensu. A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tana iya riƙe ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan biyu, kuma da shi ake noman rani a Kadawa da Kura. Kusa da ita akwai tafkin Bagauda. Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, Kiru na da kasuwar Kwanar Ɗangora, Doguwa kuwa na da duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wanda ya hau keke daga gangare zuwa tudu a wannan yanki zai ji a cinyoyinsa abin da malamin labarin ƙasa ke nufi da hawa da sauka, zai kuma ga yadda launin ƙasa da irin itatuwa ke sakewa. Gani ya kori ji.

Sai dai tilas a yi hattara. Babban titin Kano zuwa Zariya na manyan motoci ne, don haka gara a bi hanyoyin ƙauye, a fita da sassafe, a tabbatar birki na ci, a ɗauki ruwan sha, a kuma dawo kafin duhu. Dajin Falgore, wanda ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a shekarun baya, saboda haka bai kamata yara su kutsa cikinsa ba. Haka nan duk zafin da aka ji, kada a faɗa wanka a bakin madatsa ko hanyar ruwan noma, domin a irin wannan ruwa ne katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ke zama.

Tsakar gida da yaƙin sauro

Rabi na biyu na hutun na tsakar gida ne, kuma a nan ne maganar ta shafi rai. Nijeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, cutar kuma ta fi tsanani a ƙarshen damina, daidai lokacin hutun Oktoba. Sauro a ruwa yake ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 14 ƙwan ke zama sauro mai tashi. Mai yaɗa zazzaɓi ya fi son ƙananan kwatami na ruwan sama da rana ke dukawa, kamar ramin da aka ɗebi ƙasar gini ko sawun shanu. Wanda ke yaɗa cutar shawara ya fi son tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen tulu. Ɗalibin da ya cike ramuka, ya kifar da gwangwanaye, ya yashe kwata, ya rufe randa, ya katse rayuwar dubban sauro tun ba su yi fiffike ba. Wannan bai hana kwana cikin gidan sauro, amma dai rigakafi ya fi magani.

Sharar da aka tara ma dukiya ce. An saba cinna mata wuta, alhali ƙonawa na sa sinadarin naitirojin, wanda shuka ke matuƙar bukata, ya bi iska, ga hayaƙin leda mai cutar da huhu. Abin da ya fi shi ne a ware leda da kwalba, a haƙa rami, a jera ganye da kashin awaki da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Cikin wata biyu zuwa uku ƙananan halittu za su mayar da shi baƙin taki. Wannan ba baƙon abu ba ne. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya nuna cewa takin gargajiya na daga cikin abin da ya sa manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Da takin sai a shuka zogale da rama da kuɓewa a gefen katanga, inda ruwan alwala zai shayar da su.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce wannan shawara ta 'yan birni ce, domin yaron ƙauye kullum cikin aiki yake, balle a Oktoba da ake girbin masara da shinkafa. Akwai gaskiya a nan. Yaron da ya wuni a gona bai bukatar ƙarin gumi, haƙƙinsa ne ya huta. To amma ba kowane ɗalibi ke zuwa gona ba yanzu, kuma babur ya sa har malamai ba sa taka sayyadarsu zuwa masallacin unguwa. Shi ma ɗan manomin, abin da ake so ya ƙara shi ne lura: ya auna, ya ƙirga, ya tambayi dalili.

Wani kuma zai ce an manta da 'yan mata, tun da al'ada ba ta cika barin budurwa ta hau keke ba. Wannan magana ce da ya kamata iyaye su sake dubawa. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara bai wa 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, kuma binciken da Karthik Muralidharan da Nishith Prakash suka buga a 2017 ya gano cewa shigar 'yan mata sakandare a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. A ƙauyukan Doguwa da Kiru, inda makaranta kan yi nisa da gida, wannan darasi ne babba.

Saura malamai. Maimakon jibga wa ɗalibai aikin kwafe littafi, malamin kimiyya na iya ba su aikin hutu iri uku: lissafin haƙoran keke, ƙirga wuraren da aka ga tsutsar sauro a gida, da haƙa ramin taki. Ranar da aka dawo aji, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a tattara alƙaluman a kan allo, a miƙa na sauron ga mai unguwa da jami'in duba-gari.