Lewiston: Garin Da Baƙi Suka Raya Sau Biyu

Garin Lewiston da ke Jihar Maine, a arewa maso gabashin Amurka, ba babban gari ba ne. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 37,121 ne ke zaune cikinsa. Amma labarinsa ya isa a tsaya a duba, domin ya shafi tambayar da ke damun ƙananan garuruwa da yawa a ƙasar: idan masana'antu suka durƙushe, samari suka watse, wa zai riƙe gari?

Masaƙa ce ta ɗaga Lewiston. A 1850 aka kafa kamfanin saƙa na Bates a bakin kogin Androscoggin, wanda ruwansa ke juya injuna. Dubban ma'aikatan da suka cika masaƙun daga baya baƙi ne masu jin Faransanci daga Kanada, yawancinsu 'yan Katolika. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. A 1919 jihar ta kafa dokar hana koyarwa da Faransanci a makarantun gwamnati, sa'an nan ƙungiyar Ku Klux Klan ta tasa su gaba a shekarun 1920. Duk da haka guminsu ne ya gina garin.

Da masu masaƙu suka bi arhar ƙwadago zuwa kudancin ƙasar da ƙasashen waje, sai garin ya fara ramewa. Daga mutum 41,779 a 1970, yawan jama'a ya sauka zuwa 35,690 a 2000. Gidaje suka zama kango, kuɗin haya ya faɗi.

Wannan arhar da kuma zaman lafiya su suka jawo 'yan gudun hijirar Somaliya tun daga 2001, da yawansu daga kewayen Atlanta inda aka fara sauke su. A Oktoban 2002 magajin gari Laurier Raymond ya rubuta musu wasiƙa yana roƙon su dakatar da zuwan 'yan'uwansu, wai aljihun garin ya ƙare. A Janairun 2003 wasu tsirarun masu wariyar launin fata suka yi gangami a garin, sai mutane wajen 4,000 suka fito nuna goyon baya ga baƙin.

A ganinmu damuwar magajin garin ba ƙarya ba ce. Makarantu sun buƙaci malaman Turanci, kuma da fari yawancin baƙin ba su da aiki. Inda ya yi kuskure shi ne da ya ƙirga abin da baƙo zai ci bana, ya manta da abin da zai noma baɗi. Maine ce jihar da jama'arta suka fi tsufa a Amurka, kuma masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. Asibitoci da Kwalejin Bates, waɗanda yanzu ke cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a garin, ba za su gudana ba sai da matasa. Baƙin sun buɗe kantuna a titin Lisbon, 'ya'yansu sun taimaka wa makarantar sakandaren garin ta ci kofin ƙwallon ƙafa na jiha a 2015, kuma a 2019 aka zaɓi Safiya Khalid cikin majalisar gari.

To, ba mu ce an gama ba. Talauci a Lewiston ya fi na sauran jihar, kuma fentin tsofaffin gidaje mai gubar dalma yana cutar da yara. Shi ya sa a 2021 gwamnatin tarayya ta ba garin dala miliyan 30 don gyaran unguwannin tsakiyarsa.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. A Lewiston dai baƙin farko sun zauna har jikokinsu suka zama masu gari. Abin da ya rage shi ne jikokin nan su tuna yadda aka yi wa kakanninsu, su ba na bayansu makaranta da aiki da muhalli mai kyau, tun da ƙarfin garin na gobe yana hannun waɗannan yara.