Kafin A Sayi Agogon GPS, A Fara Koyon Karanta Taswira

Akwai wani wasa da mutanen Suwidin da Norwe suka ɗauka da muhimmanci, wanda matasan Anka da Gummi da Bukkuyum suka fi su buƙatarsa. A ba mutum taswira da kamfas, a ɗiga masa wurare goma ko sha biyar, a ce ya je ya taɓo kowanne bi da bi, wanda ya riga dawowa shi ya ci. Daga horon sojoji wasan ya samo asali, an yi gasarsa ta farko ta farar hula a Norwe a 1897, an kuma kafa hukumarsa ta duniya a 1961. In sanyi ya shigo ma ba sa dainawa, a kan ƙanƙara suke yi. Akwai kuma ƙaninsa mai wahala, tseren kwanaki da ake haɗa gudu da keke da kwale-kwale, irin su Eco-Challenge da aka fara a 1995.

Abin da zai ba masu son na'ura mamaki shi ne, a gasar hukuma ba a yarda ɗan wasa ya nemi hanya da GPS ba. Takarda da kamfas da ƙwaƙwalwa, shi ke nan. Mutanen da suka fi kowa kuɗin sayen agogon Garmin su ne suka ce a ajiye shi gefe.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi yammacin Zamfara ba ɓoyayye ba ne. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta sa aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira babu data. Da yawa sun ɗauka wayarsu ta zama fitila da rediyo kawai. Alhali GPS bai ɗauke ba ko na minti ɗaya, domin ba ruwansa da MTN ko Airtel. Waya saurare kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi wajen kilomita 20,000 sama da ƙasa, ba ta aika komai, ba ta cin ko sisin data. Abin da ke cin data hoton taswirar ne. Shi ya sa wanda bai sauke taswira tun da wuri ba zai ga shuɗin ɗigo a kan farin fili, wayar ta san inda yake amma ba ta da abin nuna masa.

Maganin wannan bai kai kuɗin kati ba. Google Maps na barin mutum ya zaɓi yanki ya sauke, sai dai yana buƙatar sabuntawa lokaci-lokaci. Organic Maps da OsmAnd kuwa don aiki babu sabis aka gina su. In babu netwok wayar kan ɗan jima kafin ta kamo taurarin, wani lokaci mintuna, don haka a tsaya a fili a yi haƙuri.

To amma ko da taswirar a waya, hunturu na da nasa sharrin. Hazo kan shafe dutse ko eriyar da mutum ya saba dubawa daga nesa, ƙura ta toshe ramin caji, hasken allo da GPS su zuƙe batir kafin azahar. Kamfas ɗin cikin waya ma ba abin yarda ba ne ɗari bisa ɗari: kusa da babur ko rufin kwano sai ya nuna gabas a arewa, sai an juya wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8 kafin ya dawo hayyacinsa. Kamfas na roba mai allura ba ya neman caji. Shi da pawa bank mai 10,000mAh, da ledar da za a sa waya, da gorar ruwa, da takalmin da ƙaya ba ta hudawa, sun fi agogon da kuɗinsa ya kai na buhunan gero.

Wani zai ce ana fama da tsaro wa ke ta wasan gudu a daji? Gaskiyarsa. Babu mai hankalin da zai tura yara dajin Bagega neman tuta. Sai dai wasan na da nau'in cikin gari, gajeren tsere na kamar minti goma sha biyar a lunguna da filayen makaranta. Harabar sakandare ɗaya a Gummi ta isa. Malami ya zana taswirar makarantar, ya rataya tsummoki a bayan ɗakin gwaji da gindin darbejiya da bakin rijiya, ya saki ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Manhajar MapRun, wadda aka ƙirƙira a Ostareliya, ta ma sauƙaƙa abin: ba sai an rataya komai ba, waya na aljihu za ta yi ƙara da zarar an isa wurin. A nan ne yaro zai koyi daidaita taswira da arewa, ya san taku nawa yake yi a mita ɗari, ya iya cewa “kogi na hannun hagu, ke nan yamma na dosa”. Garin da ya ga ambaliyar Agustan 2024, lokacin da ruwa ya shafe hanyoyin da aka sani, ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin wannan ba.

Wuri ɗaya ne ya kamata a taka burki. Manhajojin motsa jiki suna son a wallafa hanyar da aka bi don abokai su yaba. A Janairun 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin sojojin Amurka a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojoji na gudu da agogo a hannu. Matashin da ke ɗora zanen hanyarsa ta kullum a Facebook ko sitatus na WhatsApp, daga ƙofar gida zuwa gona, da lokacin fita da na dawowa, ya ba duk mai son sani jadawalinsa kyauta. A Strava ana iya ɓoye farko da ƙarshen hanya, ana kuma iya mai da kowane gudu na mai shi kaɗai, kuma a yanki irin Bukkuyum wannan na biyun ya kamata a kunna tun ranar da aka sauke manhajar.