Kuɗin Gidan Minista da Wasiƙar da Ba Mu Rubuta Ba

A watan Yuli na 2023 Ghana ta wayi gari da wani labari da ya fito daga takardun wata kotu a Accra. An gurfanar da wasu masu aikin gida bisa zargin sace dala miliyan 1 da yuro 300,000 da wasu kuɗaɗen sidi daga gidan Cecilia Abena Dapaah, ministar tsaftar muhalli da albarkatun ruwa ta wancan lokaci. Ita ce aka yi wa sata, amma kafin rana ta faɗi tambaya ta koma kanta: me irin wannan dukiya take yi a ɗakin kwanan ma'aikaciyar gwamnati, a lokacin da darajar sidi ta zube, ƙasa kuma ta je neman rance wajen IMF? Ministar ta ce akwai saɓani a alƙaluman da ake yaɗawa, ta ajiye aiki ranar 22 ga Yuli. Bayan kwana biyu ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ya kama ta, ya kuma ce ya samu dala 590,000 da sidi fiye da miliyan 2 da rabi a gidanta.

A Janairun 2024 shugaban wannan ofishi, Kissi Agyebeng, ya ce bai samu hujja kai tsaye ta cin hanci ba, ya miƙa batun ga hukumar EOCO. Daga baya ofishin Antoni-Janar ya ba da shawarar cewa babu tushen ci gaba da bincike a kan abin da aka miƙa. Har gwamnatin da ta yi wa aiki ta sauka a Janairun 2025 babu kotun da ta same ta da laifi, mu ma ba za mu ɗora mata abin da shari'a ba ta ɗora mata ba. Abin da ya dame mu shi ne tambayar talaka ta asali, wato daga ina kuɗin suka fito, ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis ba tare da jama'a sun ji amsa mai gamsarwa ba.

Duk wanda ke zaune a Nima ko Mamobi ko Aboabo ko Ashaiman a wancan lokaci ya san yadda zance ya yi zafi. An tattauna shi a wajen shan ataya, an buga waya gidajen rediyo, an yi barkwanci da shi a WhatsApp da Facebook. Wanda lambatun ƙofar gidansa ke ambaliya duk damina yana da haƙƙin jin haushi in ya ji an ambaci ma'aikatar tsafta da miliyoyin dala a numfashi ɗaya. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da gaskiya: mutum nawa ne a cikinmu suka ɗauki alƙalami suka rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsu? Fushin da aka zubar a bakin titi iska ke kwashe shi, bayan mako uku wani labarin ya zo ya rufe shi.

Ra'ayina shi ne, idan abin kunya irin wannan ya ɓulla, ƙofar farko da ya kamata ɗan ƙasa ya ƙwanƙwasa ita ce ta wakilinsa a majalisa. Dalilin yana cikin kundin tsarin mulki na 1992. Sashe na 286 ya wajabta wa manyan masu riƙe da muƙami su bayyana kadarorinsu ga babban mai binciken kuɗi na ƙasa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara 4, da lokacin sauka. Sashen ya ƙara da cewa dukiyar da aka samu daga baya, wadda ba za a iya danganta ta da albashi ko kyauta ko rance ko gado ko wata hanya ta hankali ba, ana ɗaukarta a matsayin wadda aka samu ta hanyar saɓa wa tsarin mulki. Magana ce mai nauyi a takarda. Amma bayanin kadarorin a rufe yake, ba a buga shi jama'a su gani, sai kotu ko hukumar bincike ko mai binciken CHRAJ ne ke iya neman a kawo shi. Ta yaya za a gane tulu ya ƙaru alhali ba wanda ya ga yadda yake tun farko?

Wannan giɓi na doka ne, kuma 'yan majalisa ne ke da ikon cike shi. Ƙudurin dokar ɗa'ar ma'aikatan gwamnati ya shafe fiye da shekara 10 yana kai da kawo, majalisa bayan majalisa ta gama wa'adinta ba ta zartar da shi ba. Ban da yin doka, sashe na 103 ya ba kwamitocin majalisa iko irin na babbar kotu wajen kiran shaidu da tilasta a kawo takardu. Ɗan majalisa yana iya miƙa tambaya minista ya zo ya amsa a zauren majalisa, amsar kuma ta shiga kundin tarihi. Sashe na 82 ya ba su damar ƙuri'ar tsine wa minista da rinjayen kashi biyu cikin uku. Mai gabatar da shiri a rediyo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan makamai. Mutumin da muka tsaya a rana muka zaɓa, shi ke riƙe da su.

To, me ya hana mu tambayarsa? Amsar tana cikin irin hulɗar da muka gina da shi. Muna zuwa gidan Onarabul da asuba da takardar kuɗin makaranta, da takardar asibiti, da katin suna, da neman gudummawar jana'iza, da jiran shinkafa da sukari. Talauci gaskiya ne, ba kuma a zargin mai yunwa don ya miƙa hannu. Amma Bahaushe ya ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya karɓi ambulan jiya da wuya ya ɗaga kai yau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ka tsaya a kan batun bayyana kadarori?" Shi ma ɗan majalisar ya fahimci cewa ba a auna shi da abin da ya faɗa a zaure, ana auna shi da abin da ya raba, sai ya shiga neman abin rabawa ta kowace hanya. Ta haka buƙatunmu na yau suke zama itacen da ke hura wutar da muke kuka da hayaƙinta.

Wani zai ce wasiƙa ɓata takarda ce, domin ɗan majalisa jam'iyyarsa yake bi. Akwai gaskiya a ciki. Sashe na 78 ya ce mafi yawan ministoci daga majalisa ake ɗauko su, don haka da yawa daga cikin masu sa ido suna fatan a kira su su shiga sahun waɗanda ake sa wa ido. Babu kuma dokar da ta ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye kafin wa'adinsa ya cika. Duk da haka a tuna Oktoban 2022, lokacin da 'yan majalisa masu yawa na jam'iyyar NPP mai mulki suka fito fili suka nemi a sauke ministan kuɗinsu, Ken Ofori-Atta, suna cewa saƙon da suka kwaso daga mazaɓunsu ke nan. Da aka zo ƙuri'ar tsinewa a Disamba sun fice daga zaure, ministan kuma ya zauna har Fabrairun 2024. Matsin lambar bai kai gaci nan take ba, amma ya nuna cewa muryar mazaɓa tana iya tsaga bangon jam'iyya. Dokar 'yancin samun bayanai ma kusan shekara 20 ta yi tana jan ƙafa kafin a zartar da ita a 2019, naci ne ya haife ta.

Rubuta wa mai mulki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, tun yana matashi ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin magabata sun ɗauki wannan a matsayin ilimi mai zaman kansa. Sun san cewa magana takan bi iska, rubutu kuwa yana zama shaida.

Wasiƙar da za ta yi tasiri tana da ladabinta. Mai rubutu ya faɗi sunansa da unguwarsa da rumfar da yake zaɓe, don a san mai ƙuri'a ne ke magana. Ya tsaya a kan batu guda, ya kawo abin da ya tabbata kawai, ya bar jita-jita da zagi, domin zagi yana ba wanda aka rubuta wa hujjar yin shiru. Ya nemi abu takamaimai: shin za ka goyi bayan a riƙa buga bayanin kadarorin masu muƙami? Shin za ka miƙa tambaya ga Antoni-Janar a zaure? Shin kai kanka za ka bayyana naka? Ya sa ranar da yake jiran amsa, ya kai takardar ofishin mazaɓa, a sa masa hannu a kwafinsa. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, shi kuma ya dangwala. In kuwa ƙungiyar matasa da matan kasuwa da sarkin zango suka haɗa sa hannu a takarda ɗaya, nauyinta ya ninku, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muhimmin sharaɗi shi ne a rubuta ko da ɗan majalisar ɗan jam'iyyarmu ne, ko da abin kunyar daga ɓangarenmu ya fito. Wanda ke tambaya sai in abokan hamayya ne suka yi laifi, ɗan siyasa ya riga ya san farashinsa. Idan amsa ta zo, a karanta ta a gaban jama'a. Idan ba ta zo ba, a adana kwafin a cikin akwati, a fito da shi ranar da Onarabul ya dawo unguwa da makaɗa yana neman ƙuri'a, a miƙa masa cikin girmamawa, a ce har yanzu ana jiran amsa.