Tsari Kan Sāke, Manufa Na Nan Daram

A watan Satumba na 1969, yaƙin basasa bai ƙare ba, aka tara malamai da iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata a Ikko domin su shawarta irin ilmin da ya dace da 'ya'yan Nijeriya. Shawarwarinsu ne suka haifi Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta raba karatun sakandare biyu, shekara uku ƙarama, shekara uku babba, aka soma aiki da shi daga 1982 a tsarin nan na 6-3-3-4.

Ginshiƙan gyaran ba su da wuyar ganewa. Na ɗaya, kowane yaro ya sami dama daidai da ɗan'uwansa. Na biyu, ya fito da sana'a a hannu, ba takarda kaɗai ba. Na uku, ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Ibo ko Yarabanci, ban da nasa, domin a fahimci juna.

Ba shakka an yi tuntuɓe wajen aiwatarwa. Injunan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje sun yi tsatsa cikin akwatuna a makarantu da yawa, saboda rashin lantarki da ƙwararrun malamai. Koyar da harshe na biyu kuwa an rataya shi a kan sharaɗin samun malamai, malaman kuwa ba su wadata ba. Daga baya shirin ilmin bai-ɗaya na 1999, da dokarsa ta 2004, suka haɗe firamare da ƙaramar sakandare zuwa shekara tara. Amma duk sāke-sāken nan ba wanda ya iya ture ginshiƙan uku. Har yau da su ake auna kowace gwamnati, kuma da su ake kama ta da laifi.

Shaida mafi ƙarfi ita ce kwalejojin Gwamnatin Tarayya. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ce ta assasa su, aka buɗe na Sakkwato da Warri da Okposi a 1966. Bayan yaƙi aka faɗaɗa su: Inugu da Fatakwal suka sami nasu a 1973, Anaca ta sami ta 'yan mata a 1977. Yau sun haura 100, suna ɗibar ɗalibai daga kowace jiha, su kwana ɗaki ɗaya, su ci tukunya ɗaya.

To, a nan ne magana ta iso kan Hausawa mazauna waɗannan garuruwa uku. Kwalejojin suna bakin ƙofarsu, amma sau da yawa yaro da ya gama firamare sai a tura shi kara ko rumfar albasa, yarinya kuma a ɗora mata talla. Alhali yaron da aka haifa a unguwar Hausawa ta Inugu ko Anaca, ya tashi yana jin Hausa da Ibo, ya riga ya mallaki abin da manufar 1977 ta yi ta fafutikar koyarwa a aji. Asara ce babba a bar irin wannan yaro a waje. Malam Umaru Altine, fataken shanu daga lardin Sakkwato, shi ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Jikokin tsararsa ba za su kai wannan matsayi yau ba sai da ilmi.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su ƙidaya yaran da suka isa shiga sakandare, su tabbatar an rubuta sunayensu a jarrabawar shiga, a kuma kafa asusun tallafa wa marayu da marasa hali. Gwamnatocin jihohin Ribas da Anambara da Inugu kuwa, kada takardar shaidar asali ta zama shinge ga yaron da ubansa ke biyan haraji a ƙasarsu. Gwamnatin Tarayya ta aika malaman Hausa kudu, ta aika na Ibo arewa. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka ɗauka a 1977 har yanzu ba a sauke shi ba.