Sulhun aure ya wuce "ki yi haƙuri"

Duk wanda ya taɓa zama inda ake sasanta miji da mata a ƙasar Hausa ya san yadda zaman yake ƙarewa. Kawu ya yi gyaran murya, a ce wa mace "ki yi haƙuri, aure ibada ne," a ce wa miji "ka ji tsoron Allah," a shafa fatiha a watse. Babu wanda ya tambayi nawa yake bayarwa na cefane, ko me ya sa take yawan yaji. Kafin wata biyu takardar saki ta fito.

Ba raina dattawa nake yi ba, gidaje da yawa albarkacinsu suke tsaye. Amma kawun miji kawun miji ne, kuma akwai maganar da mace ba za ta iya furtawa a gaban surukinta ba ko da za ta kashe ta. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da sulhun aure zai zama aikin da ake koyo, a ba mutum shaida, a biya shi albashi, a kuma tuhume shi idan ya tona asirin ma'aurata.

Addini ma bai bar abin sakaka ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a tashi mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malaman Malikiyya sun gindaya cewa su kasance adalai, masu sanin hukuncin abin da aka aike su, har suka ba su ikon raba auren idan gyara ya gagara. Wannan muƙami ne mai nauyi, ba zaman ban-baki ba.

Masar ta gane haka. Dokar da ta kafa kotunan iyali a 2004 ta tanadi ofisoshin sasanci da ake fara bi kafin a shigar da mafi yawan ƙararrakin iyali, inda masanin shari'a da masanin halayyar ɗan Adam da ma'aikacin jin daɗin jama'a suke zama da ma'aurata. Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Hukumar Hisba ta Kano, wadda doka ta kafa a 2003, kullum cike take da ƙorafin aure, kuma an yi Zauren Sulhu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Abin da ya rage shi ne horo mai zurfi, da ɗakin sirri, da mata masu sulhu da yawa.

Inda muka fi gazawa shi ne bayan saki. Mun ɗauka idan aure ya mutu sulhu ya faɗi, alhali a nan ne aikin yake farawa. A ina za ta yi idda? Wa zai riƙe yara? A mazhabarmu uwa ce ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuma tana wuyan uba. Amma sau nawa ake ƙwace yaro da zarar an yaye shi, a kai wa kishiyar uwa, don kawai a ƙuntata wa wadda aka saka? Sau nawa uwa take hana uba ganin 'ya'yansa don ramuwa? Ƙwararren mai sulhu zai zaunar da su, a yanka kuɗin abinci da na makaranta da na magani daidai ƙarfin uba, a tsayar da ranakun ziyara, a rubuta, a sa hannu, alƙali ya tabbatar. Yaron da iyayensa suka rabu a kan takarda irin wannan ba zai tashi yana gararamba tsakanin gidaje ba.

Iyaka guda ce: inda akwai duka ko barazana ga rai, ba maganar a mayar da mace ɗakinta da sunan sulhu. Wannan ta kotu ce.

Ina kira ga gwamnonin jihohinmu da manyan alƙalan kotunan shari'ar Musulunci: ku buɗe ofishin sulhu a kowace kotu, ku ɗauki maza da mata ku horar da su, kuma kada a karɓi ko sisi daga hannun matar da ta zo da goyo.